Ketel Turke da Gonar da Ba Ta Tafiya

A Hagstorp ba mai kiran Ketel ɗan Orm da sunansa sai matarsa, ita ma sai in ranta ya ɓaci. Kowa Turke yake ce masa, shi kuwa ba ya jin haushi, don a wurinsa kirari ne. Shekararsa hamsin da takwas a duniya bai taɓa kwana a wajen ƙauyen ba, kuma in kun zauna da shi a gidan giya, kafin ka shanye kwaf na biyu ya gaya maka haka. In ka ce ai ka sani, sai ya ce ba laifi a tuna maka.

Shekarar da Faransawa suka ƙetaro teku, tsohon ubangidanmu Aslak ya tara maza ya yi kudu da su wurin yaƙi. Ketel ya raka su har bakin gada, ya yi musu addu'a mai tsawo, ya juyo gida, ya ce sha'irinsa bai gama shiga rumbu ba. Aslak bai dawo ba, haka mutum tara cikin sha ɗayan da suka bi shi. Bayan shekara uku, da sojojin sabon Sarki suka bi arewa suna ƙone garuruwa, rabin ƙauye suka kwashi 'ya'yansu da aladunsu suka shige fadama. Ketel ya zauna a ƙofar gida yana gyaran igiyar garma. Allah ya tsare, sojojin ba su biyo ta wajenmu ba, amma tun daga ranar yake ba da labarin kamar shi ne ya harare su suka canza hanya.

Ba zan ce rago ba ne, ba zan kuma ce jarumi ne ba. Abu guda yake da shi, shi yake gadi: shi ɗa ne. Mutanen Hagstorp iri uku ne. Akwai bayi, su biyar, a bayan garken ubangida suke zaune. Akwai 'yan gandu, su ne yawancinmu, kowa da 'yar gonarsa amma ƙasar ta ubangida ce, duk mako ana yi masa aikin kwana uku a gandunsa, ba ka sayar da sa sai ya yarda, ba ka barin gari sai ya yarda, abin da ka haifa kuma a haka zai tashi. Sai 'ya'ya, masu ƙasarsu ta gado. Da gida shida ne. Yaƙi ya ci biyu, yunwa ta durƙusar da uku suka shiga gandu da ƙafarsu, saura Ketel shi kaɗai da eka ashirin ɗinsa a gefen rafi, wadda kakan kakansa ya samu da gatari lokacin da ya sauko daga jirgin 'yan Denmark. Ba wata gonar kirki ba ce, rabinta ruwa yake kwanciya da damina, amma in Ketel yana maganarta sai ka ɗauka alkama tana tsirowa a cikinta a toye.

Ko ɗa ba ya zama ba babba a kansa, duniya ba za ta bar shi ba. Bambancin dai shi ke zaɓa. Ya je ya durƙusa gaban wanda ya kwanta masa, ya sa hannuwansa cikin nasa, ya zama mutuminsa, a tsaya masa a kotu, shi kuma ya riƙa kai gaisuwar shekara. Ran da aka ɓata masa, sai ya janye hannunsa ya kai wa wani, gonarsa tana nan tasa. Mu a nan canza inuwa muke ce wa wannan, ba mu san shi da wani suna ba. Orm, uban Ketel, sau uku yana canza inuwa, na ƙarshen don an zaunar da shi kusa da ƙofa a wani biki, iska tana dukan ƙeyarsa. Ketel bai taɓa canzawa ba, yana inuwar Aslak har Aslak ya mutu. Sanin cewa zai iya in ya so, shi ne ya fi masa nama daɗi.

Da aka gama yaƙi, Sarki ya ba wani bardensa mai suna Raimbert duk abin da Aslak ya mallaka. Sau biyu muka ga Raimbert a shekara ashirin, duka biyun yana kan doki yana toshe hanci. Wanda muke gani kullum shi ne sarkin gandunsa, Wigot, ɗan ƙauyenmu ne, tare da Ketel suka yi kiwon aladu suna yara. Ya koyi kalma biyar ta Faransanci yana juya su yadda ya ga dama. Shi Wigot ya kafe cewa eka ashirin ɗin nan tana cikin abin da Aslak ya mallaka, saboda haka Ketel ɗan gandu ne da bai san kansa ba. Duk kaka sai ya zo ya ce a fito girbin ubangida. Ketel ya ba shi kujera, ya sa a kawo masa giya, su yi hirar ciwon baya da tsadar gishiri, sannan ya ce ba zai je ba. Da Kirsimeti kuma ya aika wa Raimbert agwagi biyu, ya tabbatar ɗan aiken ya faɗa da ƙarfi cewa gaisuwa ce. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ba wanda ya ci wani, don ba inda aka rubuta komai.

Sai ga labari bayan Kirsimetin shekara ta ashirin cewa Sarki zai aiko a ƙirga ƙasar gaba ɗaya: gona, garma, sa, alade, daji, tafkin kifi, mutum. Aka ce ko akuya ɗaya ba za a tsallake ba.

Abin da ya fi cin giya a makonnin nan shi ne neman dalili. Me Sarki zai yi da yawan aladun Hagstorp? Mai gidan niƙa ya ce haraji ne kawai. Bara an ce 'yan Denmark za su kawo yaƙi, Sarki ya yi hayar sojoji daga ƙetare ya rarraba su gidajen mutane, mu ma an ba mu huɗu, suka cinye mana agwagi suka tafi ba su ga ko jirgi ɗaya ba, to kuɗin hayarsu ake nema. Maƙeri ya ce ina, hakimansa ne bai yarda da su ba. Ya raba musu ƙasa a gurguje, kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai har da na maƙwabci, yanzu yana so ya san wa ya ci me. Limamin cocinmu, Fada Wulmar, ya ce Sarki ya tsufa, jiki ya yi nauyi, lissafin da zai kai gaban Ubangiji yake shiryawa. Aka tambaye shi ko Ubangiji bai san yawan aladunmu ba sai an rubuta masa, ya ce a daina saɓo. Estrild, matar Ketel, da aka kai mata duk waɗannan a bakin rijiya, ta ce maza dai ba su da aiki. Ta ce wanda ya suri buhu a guje, in ya kai inda ba a binsa, dole ya zauna ya kwance ya ga abin da ya ɗauko, shekara ashirin ma ai ya yi haƙuri.

Ketel ya saurare su duka yana girgiza kai, don shi kaɗai ya gano. Ƙirgar aladu yaudara ce. Sarki so yake ya san wa zai bi 'yan Denmark in sun sauka, kuma wa za a fara tuhuma in ba masu jinin Denmark ba? Tun daga ranar ya daina ba da labarin kakan kakansa da gatari, abin da ƙauye ya yi ta roƙonsa shekara talatin bai yi ba. Ya rage gemu. Ya hana ɗansa Toki rera waƙoƙin da kakarsa ta koya masa. Yana jin tsoro, amma a ƙasan tsoron akwai murna, don ya ji an ce duk wata gardamar ƙasa za a yanke ta a rubuta a fata. Ya ga ranar da za a rubuta cewa shi ɗa ne, shi da Toki da duk wanda Toki zai haifa, Wigot ya nemi wani gidan da zai riƙa shan giyar kaka.

Sauran jama'a kuwa ɓoyo suka shiga yi. Aka kora aladu fadama, ƙauye ya yi tsit kamar ana azumi. Mai gidan niƙa ya cire dutsen sama ya binne a juji, ya riƙa zama a bakin ƙofa da fuskar maraya yana cewa ruwa ya cinye masa sana'a. Fada Wulmar ya kwashe amyar zumarsa guda shida ya jera su bayan kaburbura, inda ya tabbata ba Bafaranshen da zai leƙa. Makon nan ba wanda ya ziyarci kabarin uwarsa bai dawo da kumburarren ido ba. Ketel bai ɓoye ko kaza ba. Ya ce ɓoyo aikin ɗan gandu ne, shi so yake a gan shi.

Ranar da za a tafi, Estrild ta ɗaure masa burodi da cuku a tsumma, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Maigida, duk abin da suka tambaye ka, ka ce kaɗan ne, ka yi shiru. Ban da jawabi.”

“Ke me kika sani game da kotu?”

“Kotu kam ban sani ba. Kai na sani.”

A tudun da ake zaman kotun gunduma aka taru, tafiyar rabin yini daga Hagstorp, ƙarƙashin wani babban itace. Daga kowane ƙauye an kira liman, da sarkin gandu, da dattawa shida, Ketel yana cikin namu. Mutanen Sarki suna zaune a kan benci: barade biyu da ka gani ka san sun ƙosa, da wani siririn magatakarda mai mura, gabansa fatu da tawada. A gefe an ajiye ƙaramin akwati mai ƙashin yatsan wani waliyyi, shi ake dafawa a rantse. Magatakarda da Latin yake rubutu, da Faransanci yake magana da baraden, mu kuma ba mu jin ko ɗaya. Tsakaninmu da su sai wani tafinta mai jan hanci, da can baran wani mai sayar da ruwan inabi ne a bakin teku, a wurin mata masu tallan kifi ya koyi harshenmu. Zagi dai ya iya shi sosai.

Kowane abu sau uku ake tambayarsa: yaya yake a zamanin tsohon Sarki, yaya yake ranar da aka ba Raimbert, yaya yake yau. Sai a ƙara da ta huɗu, ko za a iya tatsar fiye da abin da ake tatsa. Nan aka ga amfanin wahalar da aka sha. Ba wanda ya tambayi aladun talakawa. Tambayar ita ce dajinmu zai iya ciyar da alade nawa, kafin kowa ya buɗe baki Wigot ya ce sittin. Gidan niƙa kuwa tuni yana cikin takardar da Raimbert ya aiko, sule biyar a shekara, ko dutse yana juji ko yana sama. Mai gidan niƙa ya tsaya yana kallon ƙafarsa.

Da aka zo kan mutane, Wigot ya ce bayi biyar, 'yan gandu sha huɗu, sai wani guda da ake gardama a kansa. Ketel ya miƙe, ya gyara riga, ya yi abin da aka hana shi. Ya fara daga iyakar gonarsa ta gabas, ya bi rafi, ya zagayo ta dutsen da ubansa ya kafa, ya kawo maganar agwagi biyu na Kirsimeti da yadda gaisuwa ta bambanta da haraji, ya tsallake kakan kakansa da dabara. Ya yi magana har wani barde ya fara gyangyaɗi. Tafinta ya juya ya mayar da jawabin duka cikin kalmomin da ba su wuce huɗu ba.

A nan dole in yi wa magatakardan nan adalci, ko da yake ba na so. Ba mugu ba ne. Ya ga irin wannan gardama a ƙauye ɗari, kuma yana da tambaya guda a rubuce wadda take raba ta. In mutum a zamanin tsohon Sarki yana da ikon barin ubangida ya koma wa wani ba tare da ya rasa gonarsa ba, to ɗa ne, gonar ba ta taɓa zama ta Aslak ba, balle Raimbert ya gaje ta. In ba shi da wannan ikon, to shi da gonar na gandu ne. Canza inuwa ke nan, ba ƙari ba ragi. Sai dai su a harshensu na rubutu ba inuwa suke cewa ba, tafiya suke cewa. Ya karanta da Latin, ya maimaita da Faransanci, tafinta ya share hanci ya fuskanci Ketel.

“Tsoho, ana tambayarka. A zamanin tsohon Sarki, kana iya ɗaukar gonarka ka tafi da ita wurin wanda ka ga dama?”

Nan take Ketel ya gane. Ga ta nan, tambayar da ya yi wata uku yana jira. Gona ba akuya ba ce da za a sa mata igiya a ja, wannan ko wawa ya sani, saboda haka ba gona suke nufi ba. Wurin wanda ka ga dama. Wa zai ga dama in ba sarkin Denmark ba? Sun ga gashinsa, sun ji sunan ubansa, sun haƙa masa rami sun rufe da ciyawa. Ya dubi baraden, ya ga ɗaya ya farka yana kallonsa. Sannan ga wani abu da ya fi tsoron ma ƙarfi: a gaban ƙauyuka goma sha biyu ana tambayarsa, shi Turke, ko yana tafiya.

“Ranka ya daɗe, gaya musu ni Turke ake ce mini. Ban taɓa tafiya ko'ina ba, ban iya ba, ba na kuma sha'awa. Gonar nan inda Allah ya ajiye ta, nan take.”

Magatakarda ya ɗago kai, kamar bai zaci haka ba. Ya sa a sake tambaya, a haɗa da ubansa.

“Ubana ma bai ɗaga ta ba. Kakana bai ɗaga ta ba. A kawo akwatin in dafa.”

Aka kawo, ya dafa da hannu biyu. Aka juya ga sauran dattawanmu ko haka ne, suka ce ƙwarai, kowa ya san Turke ba ya zuwa ko'ina, har wani ya ƙara da labarin ranar da aka ƙone arewa. Su ma suka dafa. Wigot ne kaɗai ya gane abin da ya faru, don kalmar tana cikin biyar ɗin da ya iya. Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja, ya bar su suka gama rantsuwa. Fada Wulmar yana da ɗan Latin da zai isa, amma hankalinsa yana bayan kaburbura, yana addu'a a tashi ba a yi maganar zuma ba. Magatakarda ya yi ɗan rubutu gajere, ya yi atishawa, aka kira ƙauye na gaba.

Ketel ya sauko daga tudun nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A mararraba ya saya wa kowa giya, har da Wigot, wanda ya karɓa ya kasa sha. Sai da aka hango rufin cocinmu sannan Fada Wulmar, da yake ta juya kalmomin a ransa tun daga tudu, ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya riƙo hannun rigar Ketel.

“Ɗana, ina jin canza inuwa suka tambaye ka.”

Ketel ya yi dariya. Ya ce ba wanda ya ambaci inuwa, da kunnensa ya ji. Fada ya ce haka suke faɗinsa a takarda. Ketel ya juya ya dubi Wigot. Wigot ya ce shi ba a tambaye shi ba, kuma shi ma yana da 'ya'ya. Dariyar ta tsaya a fuskar Ketel, ta daɗe a nan ba ta san inda za ta ba. Da ya shiga gida ya faɗa wa Estrild, ta kira shi da sunansa sau ɗaya, a hankali, ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da zane. Da ta yi masifa da ya fi masa sauƙi.

Washegari da sassafe ya koma tudu. Ya tarar da wani mutum yana loda benci a keken shanu, mutumin ya ce masa an wuce, sai babban birnin lardi, tafiyar kwana uku. Ketel ya tsaya ya dubi hanyar Hagstorp, ya dubi ɗayar, ya bi ɗayar. Haka mutumin da ya yi shekara hamsin da takwas yana kirari da rashin tafiya ya kwana a rumfunan mutane da barandar coci, yana neman wanda zai yarda cewa yana iya tafiya.

A birni ya yi kwana biyu a ƙofar gidan bishop kafin wani malamin coci, ɗan ƙasarmu ne, tsoho mai tawada a yatsu, ya ji tausayinsa ya shigar da shi ɗakin da ake kwafe fatun. Ya saurare shi har ƙarshe, abin da ba a taɓa yi wa Ketel ba. Sannan ya ce masa mutum shida sun dafa ƙashin waliyyi a kan maganar. In yanzu ya ce ba haka ba ne, to ya yi rantsuwar ƙarya a gaban mutanen Sarki, shi da dattawan da suka mara masa baya, kuma ya san abin da ake yi wa hannun da ya yi haka. Ketel ya ce ai ba ƙarya ya yi ba, gaskiya ya faɗa. Malamin ya ce ya sani, matsalar ke nan.

Ketel ya roƙa a nuna masa inda aka rubuta shi, ko sunansa ya gani. Malamin ya bincika ya zaro fatar, ya bi layi da yatsa. Ga sunan Raimbert, ga na Aslak, ga dajin alade sittin, ga gidan niƙa. Ya tsayar da yatsa a kan wasu 'yan zane biyu.

“Ga ka nan. 'Yan gandu goma sha biyar.”

Ketel ya daɗe yana kallon wurin. Ya tambaya, a ƙarshe, me Sarki yake nema da duk wannan, haraji ne ko 'yan Denmark. Malamin ya ce harajin ma yana ciki, hakiman ma suna ciki, amma shi abin da ya gani a wata biyu yana kwafa shi ne, shekara ashirin Sarki yana riƙe da ƙasar nan da takobi, takobi kuwa sai an yi ta ɗagawa. Yanzu ya sa mu da bakinmu mun rantse wa ke da me, an rubuta, daga yau ba sauran gardama. Game da 'yan Denmark, ya ce ko sau ɗaya bai ga an ambace su a fatun ba.

Ya dawo Hagstorp a rana ta tara, ƙafafu a kumbure. Wigot ya bari ya huta kwana ɗaya sannan ya zo. Bai zauna ba, ba a kuma ba shi kujera ba. Ya ce, yana kallon bango, Litinin da Laraba da Juma'a ne ranakun gandu, a zo da sa. Ya ƙara da cewa akwai tarar sule ɗaya, don ɗan gandu ya bar gari kwana tara ba da izini ba. Ni da nake ba ku labarin nan na sha yi wa Turke dariya, har da kwaikwayon tafiyarsa, amma ranar Litinin ɗin da na gan shi yana jan sansa zuwa gandu, Toki a bayansa, raina ya ɓaci har na kasa gaishe shi. Ba wanda ya tsokane shi. Maƙeri ya matsa masa wuri a kunya ta kusa da shinge, inda ƙasar ta fi laushi. Aladun da aka kai fadama kuwa uku ba su dawo ba, zumar Fada kuma ta yi albarka a shekarar fiye da kullum.

Da kaka matar Toki ta haihu, namiji, jikan Ketel na farko. Mata suka cika gida. Da hantsi sai ga Wigot da burodin alkama da dunƙulen cuku daga gidan ubangida, irin wanda ake kai wa duk 'yar gandun da ta haihu. Ba da mugunta ya zo ba, al'ada ce, kuma mai jego tana bukata. Ya yi barka, ya ce Allah ya raya, gandu ya samu ƙarin hannu. Estrild ta dubi burodin ta dubi mijinta, ta sa hannu ta karɓa.

Fada Wulmar ya tambayi sunan da za a yi wa yaron baftisma da shi, don dai a cika ƙa'ida, tunda kowa ya san ɗan fari a gidan nan sunan uban kakansa yake ci. Toki har ya buɗe baki zai faɗa. Ketel yana riƙe da jaririn, yana kallon 'yan yatsunsa.

“Ban da Orm,” ya ce. “Orm ɗa ne. Ku nemo masa wani.”

Ya miƙa wa uwar ɗanta, ya ɗauki igiya a bayan ƙofa ya fita, don ranar Laraba ce kuma an riga an makara.